Neman Kalmomi Da Yawa A Tashi Ɗaya: Dabarar Tsarin Lalube A Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin rajistar makaranta layi-layi yana neman sunayen 'yan gari ɗaya ya san yadda ido ke gajiya, har ya tsallake abin da yake nema. Kwamfuta ta rage wannan wahala, domin kowace manhajar gyaran rubutu tana da akwatin nema. Sai dai akasarin mutane kalma ɗaya suke sakawa, su gama da ita, sannan su koma kan wata. Akwai dabarar da ke haɗa kalmomi da yawa a nema guda. Masana kwamfuta na kiranta regex. A wannan maƙala za a kira ta tsarin lalube.

Asalin dabarar

Tushenta yana cikin kimiyyar halittu. A shekarar 1943 wasu masana biyu a Amurka, Warren McCulloch da Walter Pitts, sun bayyana aikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi. A 1951 masanin lissafi Stephen Kleene ya yi nazarin aikin nasu, ya fito da alamomin da ke siffanta jerin haruffa. Ken Thompson na ɗakin binciken kamfanin Bell ya shigar da alamomin cikin manhajar rubutu mai suna QED, ya kuma wallafa bayanin hanyarsa a 1968. Daga nan suka bazu, har suka kai ga manhajoji irin su Notepad++ da LibreOffice Writer da Vim.

Sanda da baka biyu

A ɗauka malami a ƙasar Pauwa yana da jerin ɗaliban Jihar Katsina da suka zauna wata jarrabawa, kowane ɗalibi da ƙaramar hukumarsa, cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar. Abin da yake so shi ne 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Sai ya buɗe akwatin nema, ya zaɓi wurin da aka rubuta regex, ya saka:

Ƙanƙara|Faskari|Sabuwa

Tsayayyar sandar nan da ke tsakanin kalmomin ma'anarta "ko". Kwamfuta za ta tsaya a duk inda ta ga ɗaya daga cikin ukun. Kada a bar fili a gefen sandar, domin shi ma filin za a ƙirga shi cikin abin nema. A manhajar Vim kuwa sai an gabatar da karkatacciyar sanda, wato \|.

Ita sanda tana raba duk abin da ke damarta da duk abin da ke hagunta. Wanda ya rubuta Hukumar Faskari|Sabuwa ya nemi "Hukumar Faskari" ne, ko kuwa "Sabuwa" ita kaɗai. In yana son kalmar "Hukumar" ta hau kan duka biyun, sai ya killace su da baka biyu: Hukumar (Faskari|Sabuwa).

Matsalar haruffa masu lanƙwasa

A nan dabarar ta fi amfanar mai rubutun Hausa. Yawancin kekunan rubutu na da ba su da ɓ da ɗ da ƙ, haka ma wayoyi da yawa. Saboda haka gari ɗaya yakan fito da rubutu uku: Ƙanƙara, K'ank'ara, Kankara. Wanda ya nemi ɗaya kawai ya bar biyu, kuma lissafinsa zai fito da giɓi ba tare da ya sani ba. In jerin na rabon tallafin karatu ne, giɓin nan yara ne da aka tsallake. Maganin shi ne:

(Ƙ|K'|K)an(ƙ|k'|k)ara

Haka sunan Pauwa, wanda hakimin Ƙanƙara ke riƙe da sarautarsa ta Sarkin Pauwa. Wani yakan rubuta Pawwa. Tsarin Pa(u|w)wa zai kamo duka biyun, ya bar Sarkin Pawa, shugaban mahauta, a inda yake.

Tarkon da ake faɗawa

Kwamfuta haruffa take gani, ba ta san ma'ana ba. A wurinta garin Ƙanƙara da ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama duk ɗaya ne, matuƙar ba a umarce ta da ta bambanta babban baƙi da ƙarami ba. Sunan Sabuwa ya fi haka rikici, don zai fito a cikin Sabuwar Unguwa da Sabuwar Kasuwa. Alamar \b tana nuna iyakar kalma, don haka Sabuwa\b zai zubar da waɗannan. Amma jimlar da ta fara da "Sabuwa ce rigar" sai idon mutum ya tace ta.

Sannan a tuna sanda "ko" take nufi. Mai neman layin da ya ƙunshi garuruwa biyu tare sai ya rubuta Faskari.*Sabuwa|Sabuwa.*Faskari, inda ɗigo da tauraro ke wakiltar duk abin da ya shiga tsakani. Kafin a danna umarnin musanya duka kuwa, a ajiye kwafen takardar, a duba abin da aka kamo ɗaya bayan ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A fagen kimiyyar halittu

Sinadarin gado, wato DNA, rubutu ne mai haruffa huɗu: A, C, G, T, kuma na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3. Ƙwayar halitta tana karanta su uku-uku. Rukuni uku ne ke shaida mata ƙarshen saƙo, ana kuma nemansu da TAA|TAG|TGA.

Misali mafi kusa da jama'ar ƙasar Hausa shi ne ciwon sikila. A saƙon da ke gina wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, rukuni na shida GAG ne a nau'in A. A nau'in S ya koma GTG, a nau'in C kuwa AAG. Da yake GAG kaɗai ya cika ko'ina, sai a haɗa shi da maƙwabtansa:

ACTCCT(GAG|GTG|AAG)GAGAAG

Wannan layi guda zai gano wurin, ko da wane nau'i ne a cikin ukun. Harafi ɗaya ne ya bambanta A da S, kuma a kansa ne ake shawartar masu niyyar aure su yi gwajin jini.

Kammalawa

Alamomi kaɗan ne aka gani a nan: sanda, baka biyu, iyakar kalma, ɗigo da tauraro. Malaman da ke da ɗakin kwamfuta suna iya gwada su da ɗalibai: a buga sunayen garuruwa ashirin da rubutu iri-iri, a nemi kowane ɗalibi ya tsara layi ɗaya da zai kamo uku daga ciki, sannan a ƙirga da hannu a ga wanda bai tsallake ko ɗaya ba.