Kafin wuƙa ta taɓa ido: yadda ake gwada hannun mai fiɗa

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa koyon ɗinki a Tasawa ko Mayahi ya san cewa tela ba ya miƙa wa sabon yaro shaddar mutane. Takardar buhun siminti ake ba shi, ya yi ta yanka yana ɗinkewa, maigida yana dubawa, har ranar da layinsa ya miƙe. To jama'a, in ana yi wa yadi wannan tattali, ina ga idon ɗan Adam?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ciwon amosanin ido, wanda wasu ke kira amodari, ciwon da ya daɗe yana damun ƙauyukan jahar Maraɗi. Tun ana yara yake kama mutum, ta hanyar ƙuda, da hannu, da tsumman da ake share fuska da shi. In ya yi ta dawowa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido kamar tsintsiya. Ƙarshensa makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata sun fi maza makancewa da shi, saboda su ne kullum ke tare da yara. Ko cikin kasuwa mukan ga tsohuwa da ɗan matsefata a ɗaure a bakin zane, tana tsige gashin don ta samu sauƙi, bayan kwanaki kuma ya sake tsirowa.

A shekarar 1998 ƙasashen duniya suka amince da hanyoyi 4 na yaƙi da ciwon: fiɗar fatar ido, shan magani, wanke fuska, da tsabtar muhalli. Ita fiɗar gajera ce. Ana yin allurar kashe zafi a wurin kawai, a tsaga fatar, a juyo bakinta waje, a ɗinke, mutum ya koma gida ranar. Da yake likitocin ido ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan birane, ma'aikatan jinya ne ake horarwa su yi aikin a karkara.

Sai dai tsagar nan ba ta son kuskure ko kaɗan. In ta karkace, ko ta gaza tsawo, ko ɗinkin ya yi tsauri a gefe ɗaya, gashin yana iya komawa cikin ido, ko fatar ta warke a murɗe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take so a ce cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, waɗanda ciwon zai dawo musu cikin wata 6 ba su kai 10 ba.

A da, ɗalibi yakan tashi daga kallon malaminsa kai tsaye ya riƙe wuƙa a kan majinyaci. Masu bincike a Amurka, cikinsu har da Emily Gower, sai suka ƙera wani kan mutum na roba mai suna HEAD START. Fatar idonsa hawa-hawa ce kamar ta mutum, kuma ana cire ta a sa sabuwa. Ɗalibi zai yi allura, ya tsaga, ya ɗinke, sannan malami ya ciro fatar ya juya ta, ya nuna masa inda wuƙa ta kauce da inda zare ya yi sako-sako. In ya ɓata, roba ya ɓata. Sai ya sake, ya kuma sakewa. Bayan haka ne zai yi wa mutum aiki, malami na tsaye a kansa da takardar da aka jera matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanke hannu har ɗaure ido, kafin a ba shi shaida.

Wannan dabara ba ta tsaya ga ido ba. A jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, a shekarar 1997, an fito da wata jarrabawa ta likitocin da ke koyon fiɗa: ɗalibi yana zagaya tebura, a kowane tebur akwai aikin da zai yi a kan abin kwaikwayo cikin ƙayyadadden lokaci, manyan likitoci suna ba shi maki kan yadda yake riƙe kayan aiki da yadda yake tattalin nama. Wato hannu ake aunawa, bayan an riga an auna abin da ke cikin kai.

Mu da muke karanta sanarwa a gidan radiyo mun san ƙarfin labarin baki. Mace ɗaya da ta dawo daga likita tana gani garau, ta isa ta cika layi da ƴan garinsu. Mace ɗaya da aikinta ya ɓaci, labarinta zai riga motar likitoci isa kasuwar ƙauye, sai a zo a tarar ba kowa. Saboda haka muke kira ga hukumomin lafiya na Tasawa da Mayahi da su tabbatar duk mai riƙe wuƙa ya wuce ta kan roba, kuma wanda ya daɗe bai yi aikin ba a sake gwada hannunsa kafin ya fita karkara.

Ke kuma uwargida, in gashin ido yana sukar ki, ko yana sukar tsohuwarki, kada ki jira sai kin kasa bambance dala biyar da dala goma a kan faifai. Ki je likita a duba ki. In an yi aikin, a koma washegari a cire bandeji, a koma bayan mako 1 zuwa 2 don duba ɗinki, sannan a sake komawa tsakanin wata 3 zuwa 6. Wannan komawar ce ke nuna wa hukuma hannun da ya ƙware da wanda ke bukatar ƙarin horo.

Gana ta rabu da wannan ciwo a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Mu ma Nijar, a 2025 mun zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Allah Ya nuna mana ranar da za a faɗi haka game da amosanin ido, amin.