Majalisar Asabar a Bakin Gareji: Abin da Tsohuwar Mota Ke Faɗa Kan Rayuwar Ma'aikaci a Abuja

Daga Litinin zuwa Juma'a, Abuja gari ne na fayil da taro da jiniya. Ranar Asabar kuwa, da yawa daga ma'aikatan gwamnatin tarayya sukan koma wani zama na daban: benci a gindin bishiya a garejin kanikawa na Apo ko na Kugbo, ko bakin shago a kasuwar kayan gyara ta Zuba, ko wani lungu a Kubwa da Mararaba inda wani bakanike ya kafa rumfa. A nan mataimakin darakta da masinja ke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa na jiran a kira shi ya zo ya ga abin da ya lalace.

Gyaran mota ba ya son gaggawa. Kafin a kwance abin da za a kwance, a aiki yaro ya sayo sabo, a dawo a ce bai yi daidai ba, an ci awa uku ko huɗu. Hira ce ke cike wannan lokaci. Takan fara da gaisuwa da tambayar iyali, ta gangara kan zafi ko ruwan sama, ta biya ta farashin shinkafa da kuɗin makaranta, ta faɗa siyasa, sannan ta dawo kan motar da ke tsaye baki buɗe. Mai wucewa zai ɗauka hirar kashe lokaci ce. Wanda ya zauna ya saurara zai gane cewa kusan duk wata manufar gwamnati ta shekara hamsin da suka wuce tana da tabo a jikin waɗannan motoci, kuma masu su sun san tarihin kowane tabo.

Zamanin Fijo

Ba a daɗewa ana hirar tsofaffin motoci sai wani dattijo ya ambaci Fijo 504. Kamfanin PAN da ke Kaduna ya fara harhaɗa motocin Fijo a 1975, shekarar da kamfanin Volkswagen shi ma ya fara nasa aikin a Legas. A wannan zamani aka kafa masana'antun manyan motoci a wasu garuruwa: Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, da kamfanin da ke harhaɗa motocin Fiat a Kano. Kuɗin man fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, naira kuma ta fi dala daraja.

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da Fijo motar hukuma, a ƙarƙashin manufarta ta rage almubazzaranci, har manyan jami'ai suka riƙa hawanta. Ma'aikacin da ya kai wani mataki yakan samu rancen mota, ya sayi sabuwa fil a leda, a riƙa cirewa daga albashinsa. Waɗanda suka ga wannan zamani suna yaba 504 saboda dalilai da kowane direba ya sani: tana da tsayin ƙasa, ƙafafunta na jure ramuka, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya, bakaniken ƙauye ma yakan kwance kafireto ya wanke ya mayar. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Matasan da ke kan bencin sukan yi wa dattawan dariya, su ce ana kukan jiya. Dattawan sukan amsa da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Amma in aka bi maganarsu a tsanake, abin da suke kewa ya wuce ƙarfe da taya. Suna tuna lokacin da albashin gwamnati ke iya sayen sabuwar mota da aka harhaɗa a cikin ƙasa.

Daga sabuwa zuwa 'yar Kwatano

Shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo a 1986, ya karya darajar naira. Kayan da masana'antun ke shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, yawancin masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da suka bari sai motocin gwanjo daga Turai da Amurka suka cike shi, waɗanda ake kira tokumbo, ko Beljiyam, ko 'yar Kwatano saboda tashar jiragen ruwan Jamhuriyar Benin da yawancinsu ke biyowa. Daga nan ne Golf da Honda da Toyota suka mamaye titunanmu.

Ga ma'aikacin Abuja akwai wani babi na musamman. An dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, aka zaunar da ma'aikata da yawa a gidajen hukuma a Garki da Wuse da makamantansu. A 2003 gwamnatin farar hula ta Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi: maimakon gida da mota da direba, sai a saka wa ma'aikaci wani abu a albashi. Aka sayar da gidajen gwamnati, aka rage motocin ofis. Wanda ya samu sayen gidan da yake ciki ya tsira. Waɗanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa, kuɗin haya ya kora su Nyanya da Karu da Lugbe da Kubwa da Gwagwalada, wasu har Masaka a Jihar Nasarawa ko Suleja a Jihar Neja. A 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni.

Wannan ne ya sa mota a Abuja ta zama larura. An tsara birnin da faffaɗan tituna da tazara mai nisa tsakanin unguwanni, motocin haya na gwamnati ba su taɓa wadatarwa ba, ga kuma fargabar 'yan fashin da ke shigar burtu da motar haya, waɗanda ake kira wan-cans. Jirgin ƙasan cikin birni da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024 ya taimaki waɗanda ke kan layinsa, sai dai bai bi ta hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson safe da yamma ya fi muni.

Lissafin tanki

In hira ta iso kan man fetur, murya takan ɗan tashi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja, ta kai 617 a watan Yuli, sannan ta kai 1,030 a Oktoban 2024. Tankin da ke cin lita 50, wanda a da ake cika shi da abin da bai kai naira 10,000 ba, ya koma 51,500 a wannan farashi. Mafi ƙarancin albashi kuwa, bayan ƙarin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ya tashi ne daga naira 30,000 zuwa 70,000. Farashin ya riƙa hawa da sauka tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur, amma bai ko kusanci inda ya baro ba.

A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake ana lissafa kuɗin kwastan da farashin canji, tokumbo ma ta fi ƙarfin mai matsakaicin albashi. Tun a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu, hanyar Kwatano ta ƙuntata. Taya da batir da bakin mai da filogi duk suka bi dala. Inshorar dole ta motar gida ita ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023.

Sakamakon a bayyane yake a kowane gareji. Wanda ya saba canza mota bayan shekara biyar yanzu yana lallaɓa wadda yake da ita. Wanda ya saba sayen sabon kaya yana tambayar na gwanjo. Wasu sun jingine motar sai ranar Juma'a da ranar biki. Wasu kuma, cikinsu har da masu muƙami, sukan tsaya a bakin hanya su ɗauki fasinja huɗu zuwa Sakatariya don a haɗa kuɗin mai. Shekara goma da suka wuce mutum zai ji kunyar faɗin haka a gaban abokan aiki. Yau a kan benci ake koya wa juna inda ya fi fasinja da lokacin da ya fi dacewa a fito.

Iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ta kafa wa shiri na musamman a 2023, tana cikin abin da ake yawan muhawara a kai. Waɗanda suka juya motarsu suna yaba arahar. Masu ɗari-ɗari suna kawo kuɗin juyawar, da tukunyar da ke cinye rabin but, da dogon layi a 'yan gidajen da ke sayarwa. Akwai kuma tambayar da ta shafi tsohuwar mota kai tsaye: ko ya dace a zuba kuɗi mai yawa a kan injin da ya riga ya gaji? Kanikawan kirki sukan ba da shawarar a fara duba lafiyar injin, kuma kada a yarda da tukunyar da wani mai walda ya haɗa a bayan gida.

Zafi, damina, hunturu

Maganar yanayi a bakin gareji ba ta cika baki ba ce, domin kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake kawo wa tsohuwar mota. A watan Maris da farkon Afrilu, sa'ad da zafi ke kaiwa maƙura, lagireto ke tafasa a cunkoson Nyanya, tsohuwar taya kuma ta fashe a kan kwalta mai zafi. Da damina ta kankama, daga Afrilu zuwa Oktoba, sai a koma kan waifa da birki da tayar da ta suɗe. Direban da ya kutsa cikin ruwan da ya cika hanya yana iya rasa injinsa ɗungurungum, domin in ruwa ya bi ta mashaƙar iska ya shiga ciki, sai ya lanƙwasa ƙarafan. Mazauna Lugbe ba su manta da ambaliyar rukunin gidajen Trademore a Yunin 2023 ba, wadda ta nutsar da gidaje da motoci. Da hunturu kuwa, ƙura ke toshe matatar iska, sanyin asuba ya tona asirin batirin da ya kusa mutuwa, hazo kuma ya rage gani a hanyar Kaduna da ta Lakwaja daidai lokacin tafiye-tafiyen ƙarshen shekara.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma akan ɗauka manoma kaɗai ya shafa. Ma'aikacin da ke lallaɓa mota mai shekara ashirin shi ma yana da buƙatarsa, don ya san watan da zai ware kuɗin taya kafin ruwa ya sauka.

Siyasa ba tare da fayil ba

A ofis kowa na tauna magana kafin ya furta. A gareji babu mai rubuta bayanin taro, don haka ake faɗin abin da ke rai. Ana muhawara kan zaɓe mai zuwa, da wanda ya sauya sheƙa, da ministan da ke aiki da wanda ke surutu. Magoya bayan cire tallafi suna cewa kuɗin da ake rabawa jihohi ya ƙaru, kuma tsohon tsarin 'yan fasa-ƙwauri yake ciyarwa. Masu adawa suna tambaya ina motocin haya da aka yi alkawari. Duk ɓangarorin biyu sukan haɗu a wuri guda: labarin sayen motocin alfarma na ƙasashen waje ga 'yan Majalisar Tarayya a ƙarshen 2023, a daidai lokacin da ake roƙon jama'a su ƙara haƙuri, ya yi wa mutane ciwo. Akan tuna cewa akwai Innoson a Nnewi, akwai kuma masu harhaɗa Fijo a Kaduna har yanzu, sannan akwai umarnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida wajen sayayya. Daga nan sai wani ya sake kawo zancen 504 da manyan da suka hau ta ba tare da girmansu ya ragu ba.

Ba duk abin da ake faɗa a kan benci ne gaskiya ba. Jita-jitar WhatsApp tana yawo a nan kamar ko'ina, kuma akan ƙara wa jiya gishiri. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da ke wannan hira su ne ke buga takardun manufofin gwamnati ranar Litinin, su kuma biya farashinsu ranar Asabar.

Ga hadimai da masu ba manya shawara, buƙatun da ke fitowa daga wannan majalisa ba su da yawa, kuma ba baƙi ba ne: motocin haya masu tsari a hanyoyin Mararaba da Kubwa da Lugbe, rancen mota mai sauƙin ruwa da zai kai ga ƙananan ma'aikata, ƙarin wuraren sayar da gas da masu juyawa da aka tantance, da kuma gwamnatin da za ta hau abin da take kiran jama'a su saya. Wanda duk ke shirya wa ubangidansa bayani kan halin da ma'aikata ke ciki zai amfana in ya ajiye motar ofis wata Asabar, ya je Apo ko Kugbo, ya nemi wuri a kan benci.