Ɗigon da ke ratsa fuskar rana

Ranar Lahadi 4 ga Disamba 1639, bisa kalandar da ake bi yau, wani saurayi mai suna Jeremiah Horrocks ya rufe kansa a ɗaki a ƙauyen Much Hoole da ke arewacin Ingila. Ya saita ƙaramin madubin hangen nesa ta taga, hasken rana ya bi ta cikinsa ya sauka a kan farar takarda da ya zana wa da'ira mai faɗin inci 6. Tun jiya yake wannan gadi. Gajimare ya yi ta kai-komo, wasu hidimomin ranar Lahadi kuma suka janye shi. Da ya dawo wajen ƙarfe uku da kwata na yamma, sai ga baƙin ɗigo zagayayye ya riga ya shiga cikin da'irar. Zuhura ce, Zara matar wata, tana ratsawa tsakanin duniyarmu da rana. Abin da ya rage kafin faɗuwar rana bai fi rabin sa'a da 'yan mintoci ba, ya yi amfani da shi ya auna matsayin ɗigon sau uku.

Horrocks ba ma'aikacin kowa ba ne a fagen ilimin taurari. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij amma ya fita ba digiri, shekarunsa kuma ba su wuce ashirin da ɗoriya ba. Mutum na biyu da ya ga abin a ranar, William Crabtree, fataucin tufafi yake yi a kusa da Manchesta. Wasiƙa Horrocks ya aika masa ya ce ya sa ido. Shi gajimare bai buɗe masa ba sai dab da magariba, kuma an ce mamaki ya daskarar da shi har lokacin awo ya kusa ƙwace masa. Su biyun nan ne kaɗai tarihi ya tabbatar sun gani.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne yadda saurayin ya san ranar. Babban masanin falaki na Jamus, Johannes Kepler, ya fitar da jadawalinsa a 1627, ya kuma yi hasashen cewa Makyuri, wadda malaman hisabi ke kira Uɗaridu, za ta ratsa rana a 1631, Zuhura ma haka. Ya rasu a 1630 bai ga ko ɗaya ba. Pierre Gassendi ya ga ratsawar Makyuri daga birnin Faris ranar 7 ga Nuwamba 1631, ta Zuhura kuwa ta faɗo da dare a Turai. A lissafin Kepler, a 1639 Zuhura za ta wuce ta gefen rana ne kawai ba tare da ta taɓa ta ba. Horrocks ya yi shekaru yana auna matsayin taurari da kansa yana gwadawa da abin da littattafai suka ce, yana gyara inda suka kauce. Makonni kaɗan kafin ranar ya gano cewa wannan karon littafin ne ya yi kuskure. Ya yarda da awonsa, awon kuma bai ba shi kunya ba.

Zuhura na shiga tsakaninmu da rana kusan kowane kwana 584, don haka sai mutum ya zaci abin zai yawaita. Sai dai falakinta ya karkata da kimanin digiri 3.4 daga namu, galibi takan wuce ta sama ko ta ƙasan rana. Sai an yi dace ukun sun daidaita a layi ɗaya, a watan Yuni ko Disamba. Ratsawar kan zo biyu-biyu, shekara takwas a tsakani, sannan a yi fiye da ƙarni ba a sake gani ba: 1631 da 1639, 1761 da 1769, 1874 da 1882, sai 2004 da 2012. Ta gaba sai Disamban 2117. Wanda ta 2012 ta wuce shi, to sai dai jikokinsa.

Daga ɗigon nan Horrocks ya gane cewa Zuhura ta fi ƙanƙanta a ido nesa ba kusa ba bisa yadda magabata suka ɗauka, ya kuma ƙiyasta nisan rana da kusan kilomita miliyan 95. Ainihin nisan ya kai miliyan 150, amma ya fi na gabansa kusantar gaskiya. Ya rasu a Janairun 1641 yana ɗan shekara 22, rubutunsa bai ga ɗab'i ba sai 1662, lokacin da Johannes Hevelius ya buga shi.

Daga baya abin ya koma hannun gwamnatoci. Edmond Halley ya nuna a 1716 cewa idan aka auna lokacin shiga da fitar Zuhura daga wurare masu nisa da juna, za a iya fitar da nisan rana. Dalilin da ya kai Kyaftin James Cook tsibirin Tahiti ke nan a 1769. Wani Bafaranshe, Guillaume Le Gentil, ya nufi Indiya don ta 1761, yaƙi ya tsare shi a teku. Ya zauna a yankin ya jira ta 1769, ranar kuma gajimare ya rufe masa sama a Pondicherry. Waɗanda suka samu gani ma sun sha fama, domin ɗigon kan yi kamar ya manne da bakin rana na ɗan lokaci, ya hana a tantance daƙiƙar da ya shige. Yau dabarar ta tafi nesa: na'urar hangen nesa mai suna Kepler da aka harba a 2009 ta gano duniyoyi fiye da 2,600 a kewayen wasu taurari, ta hanyar lura da ɗan dusashewar haske idan duniya ta gifta gaban tauraronta.

Mu da ke raye, rabonmu yana wajen Makyuri, mai ratsawa sau 13 ko 14 a ƙarni, kullum a Mayu ko Nuwamba. Ta yi a 9 ga Mayu 2016 da 11 ga Nuwamba 2019. Ta gaba ranar Asabar ce, 13 ga Nuwamba 2032, kuma Afirka na cikin masu sa'a. A agogon Najeriya da Nijar za ta fara wajen takwas saura na safe, ta ƙare jim kaɗan bayan sha biyun rana. Damina ta wuce a lokacin, in dai ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba, mai kallo a Kano ko Damagaram ba zai sha wahalar da Horrocks ya sha da gajimare ba.

Amma Makyuri ƙarama ce ƙwarai. In rana faifai ce, Zuhura gyaɗa ce a kansa, Makyuri kuwa ƙwayar gero. Ido kaɗai ba ya kama ta, dole sai da na'ura, a nan kuma haɗarin yake. Duk wanda ya leƙa rana ta madubin hangen nesa ba tare da matatar haske ta musamman a bakinsa ba, idonsa na iya ƙonewa nan take, ba tare da ya ji zafi ba ma. Baƙin tabarau ba ya kariya, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila ko tsohon hoton asibiti. Hanyar 1639 har yanzu ita ce mai sauƙi: a kafa madubin a kan abin da ba ya rawa, a juya wa rana baya, a tari hasken da farar takarda, a yi wa takardar inuwa da kwali. A riƙa rufe bakin na'urar jifa-jifa don kada zafi ya lalata ta, a kuma tsare yara kada wani ya kai ido.

Fuskar rana tana da nata tabo, sabon shiga na iya ɗaukar ɗaya a matsayin Makyuri. Tabon rana bakinsa ba daidai yake ba, yana da dishi-dishi a gefe, kuma a sa'o'i kaɗan ba a ganin ya gusa. Makyuri baƙa ce wuluk, zagayayya sumul. A sa mata alama da fensir, a rubuta lokaci, a dawo bayan minti ashirin, za a tarar ta bar wurin.