Gobe-da-nisa: Macijin da ke kashe manomi, daga bakinsa ake samo magani

Da zarar damina ta sauka a Kurfey, manoman gero da wake na yankin Filinge, kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai, sun san ba ciyawa kaɗai ke jiransu a gona ba. Akwai kasa, akwai kumurci, amma wanda aka fi tsoro shi ne gobe-da-nisa, wanda wasu ke kira kububuwa. Gajere ne, launinsa ya saje da ƙasa. Dafinsa na hana jini daskarewa, sai a ga jini na fita ta dasashi da fitsari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maganin wannan sara daga bakin macijin yake fitowa. A birnin Liverpool na Ingila, makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi tana da gidan kiwon macizai, ciki har da gobe-da-nisa da aka kai daga Najeriya. Ma'aikaci kan kama shi ta bayan kai, ya sa shi ya sari bakin kofi, dafin ya ɗiga. Wannan dafi ake yi wa tumaki ko dawaki allurarsa kaɗan-kaɗan, har jininsu ya samar da garkuwa, sannan a tace ta. Haka aka samu maganin EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin saran maciji na Kaltungo, jihar Gombe.

A asibiti gwajin ba wuya: a zuba jinin majinyaci cikin kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jiki. Ɗaure ƙafa da igiya ko tsaga wurin saran, da har yanzu ake yi a ƙauyuka, ɓata lokaci ne kuma yana ƙara lahani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Duk da haka, kashe duk macijin da aka gani ba riba ba ce ga mai rumbu. Macizai ne ke rage ɓeraye da gafiya masu cin hatsi. Takalmi mai rufi lokacin noma, tocila da dare da kwana cikin gidan sauro sun fi sanda kare manomi.