Wajabta wa Ɗalibai Halartar Cibiyar Koyar da Rubutu: Darasi Daga Zaurukan Yakasai

1.0 Gabatarwa

Cibiyar koyar da rubutu wuri ne a jami'a ko kwaleji inda ɗalibi ke zama da mai jagora, su duba aikin da yake rubutawa kafin ya miƙa shi ga malamin darasi. Mai jagorar ba ya ba da maki, ba ya kuma rubuta wa ɗalibi aikinsa. Tambayoyi yake yi masa har ya gano da kansa inda hujjarsa ta yi rauni. Cikin tsofaffin cibiyoyin akwai ta Jami'ar Iowa a Amurka, wadda ta faro a 1934. Wannan maƙala ta duba muhawarar da aka daɗe ana yi: shin a bar ɗalibi ya je don raɗin kansa, ko a wajabta masa?

2.0 Ra'ayoyin Masana

A 1984 Stephen North ya bayyana cewa manufar cibiyar ita ce inganta marubucin, domin gyaran takarda guda ba ya ɗorewa. Saboda haka ya soki malaman da ke tura ɗalibi can bayan ya faɗi, don hakan na mai da cibiyar wurin horo. A 1985 Irene Clark ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta nuna cewa ɗalibai da yawa ba sa zuwa sai an wajabta musu, ko da sun yarda cibiyar tana da amfani.

3.0 Misalin Yakasai

Tsarin karatun zaure a Yakasai, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, ya haɗa ra'ayoyin biyu. Yaro ba ya zaɓar zuwa makarantar allo, iyaye ne ke kai shi. A can yake koyon rubuta allonsa da kansa, malam ya duba, ya nuna masa inda ya tsallake harafi ko wasali, ya biya, sannan ya wanke. Kowane ɗalibi ana duba masa, don haka gyara ba abin kunya ba ne. Idan ya girma, shi da kansa yake ɗaukar Ahalari ko Iziyya ko Risala ya nufi zauren malami bayan sallar asuba ko magariba, ya jira layinsa. Tilas ɗin farko ce ta saba masa da gyara, har ya koma nemansa da ƙafarsa.

4.0 Halin da Ake Ciki a Jami'a

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin Ingilishi na gama-gari ga ɗaliban ajin farko, kuma Jami'ar Bayero na cikin masu koyar da shi. Sai dai darasi ne na babban ɗaki, inda malami guda ba zai iya zama da kowa ba. Ɗalibi na iya kaiwa ajin ƙarshe ba wanda ya taɓa bin rubutunsa layi-layi, sai ga kundin kammala digiri a gabansa. A nan ne wasu ke faɗawa kwafe daga intanet. Ɗalibin Hausa ma yana da tasa matsalar: raba kalmomi da haɗe su, da baƙaƙe masu lanƙwasa kamar ɓ da ɗ da ƙ.

5.0 Kammalawa

Wajabcin zai yi amfani bisa sharuɗɗa huɗu. Ya hau kan kowa, don kada ya zama tambarin masu rauni. Ya kasance a kan rubutun da ba a kammala ba, kafin maki. A taƙaita shi ga zama ɗaya ko biyu a zangon farko, sauran a bar wa ɗalibi. Sannan a horar da isassun masu jagora daga ɗaliban digiri na biyu da na uku, domin idan aka wajabta zuwa babu mai zama da ɗalibi, abin zai tsaya a sa hannu a takardar halarta kawai.