Lamba 20: Katin Whot da ke tayar da gardama a majalisun Sule Tankarkar

Idan kaka ta wuce a Sule Tankarkar, gero ya shiga rumbu, an sayar da riɗi, sai samari su samu sarari. Waɗanda ba su tafi cirani ba, za ka tarar da wasunsu bayan La'asar a gindin darbejiya ko a bencin mai shayi, an shimfiɗa tabarma ana raba karta. Cikin wasannin da ake yi akwai Whot, wanda bakin 'yan wasa ya mayar da shi "wot".

Wasa ne da yaro ma zai koya a zama ɗaya. Ka bi katin da ke ƙasa da mai irin hotonsa ko mai irin lambarsa. In ba ka da shi, ka je kasuwa, wato ka ɗauki ɗaya daga tarin da aka kife a tsakiya. Wanda ya riga kowa ƙarar da na hannunsa shi ya ci.

Sai dai akwai kati guda da ya gagari wannan sauƙin.

A ce mutum huɗu ne ke wasa. Ɗaya ya saki lamba 2, ma'ana na kusa da shi ya ɗebi kati biyu. Shi kuma maimakon ya ɗiba, sai ya dafa lamba 20 a kai, ya ce ya tare, har ya nemi a ba shi tauraro. A nan wasa yake tsayawa. Wanda ya saki 2 zai rantse cewa 20 ba ta tare hukunci. Wanda ya tare zai ce tun yana firamare haka ake yi a unguwarsu. Sauran biyun kuma kowa zai goyi bayan ɓangaren da ya fi amfanar abin da ke hannunsa.

Abin da ke cikin kwalin

Kwalin Whot da aka saba gani a kasuwa yana ɗauke da kati 54. Hotuna biyar ne: ƙwallo, angul mai kusurwa uku, kuros, kafet mai kusurwa huɗu, sai tauraro. Ƙwallo da angul kowanne 12 ne, kuros da kafet kowanne 9, tauraro kuwa 7 kacal. Babu lamba 6 ko 9 a duk kwalin. Ragowar biyar ɗin su ne masu lamba 20, waɗanda aka rubuta wa sunan wasan a jiki.

A yadda akasarin 'yan Najeriya ke bugawa, lamba 1 ita ce "hol on", kowa ya dakata ka ƙara wani. Lamba 2 ɗauki biyu, lamba 5 ɗauki uku, lamba 8 ta tsallake na gaba, lamba 14 kuma "janar maket", kowa ya je kasuwa ban da wanda ya sake ta.

Ita 20 ba ta sa kowa ɗaukar komai. Ƙarfinta a wani wuri yake: tana hawa kan kowane hoto, kuma wanda ya sake ta shi ke zaɓar hoton da za a bi. Mai ita ba ya maƙalewa. Idan ya lura abokin karawarsa ya je kasuwa sau biyu a kan tauraro, sai ya ajiye 20 har zuwa lokacin da mutumin ya ce "las kad", sannan ya nemi tauraro. Tun da bakwai ne kawai a kwalin, sau da yawa sai ka ga wanda ke dab da ci ya koma kasuwa yana ƙunƙuni.

Kuma ba kati ne mai wuyar samu ba. In an raba bibiyar, lissafi ya nuna kusan sau 4 cikin 10 mutum zai tashi da aƙalla guda ɗaya. In hurhuɗu aka raba, kusan sau ɗaya cikin uku ne. Shi ya sa da wuya a yi zagaye biyu ba a taɓo maganarta ba.

Shin tana tare hukunci?

Wannan ita ce babbar tambaya. Masu cewa tana tarewa hujjarsu a fili take: an ce 20 na hawa kan kowane kati, to 2 da 5 ba kati ba ne? A wurinsu, sarkin karta ba zai rusuna wa lamba 2 ba.

Ɗaya ɓangaren na ganin cewa hukunci ba bin hoto ba ne, bashi ne da ya hau kanka. Ko dai ka biya, ko ka tura shi gaba da irinsa, 2 a kan 2, 5 a kan 5, na ƙarshe ya kwashi jimilla. A cikinsu ma akwai masu tsauri da ba su yarda da turawar ba sam: an ba ka biyu, ɗauki biyu, magana ta ƙare.

Ni dai a nan na fi karkata ga masu cewa ba ta tarewa, kuma dalilina lissafi ne. Lamba 2 guda biyar ce a kwalin, lamba 5 ma biyar. Idan aka ƙara wa mai kare kansa 20 guda biyar, an ninka garkuwa ke nan, takobi kuma yana nan yadda yake. Ga shi wanda ya tare da 20 bai tsaya a kuɓuta ba, ya kuma samu ikon zaɓar hoto. Riba biyu da kati ɗaya ta yi yawa.

Tambaya ta biyu da ke bi mata a zafi ita ce ko ana iya rufe wasa da 20. Mutum ya rage da kati ɗaya, ya faɗi "las kad" kamar yadda doka ta ce, amma katin nan 20 ne. Babu hoton da za a nema ya rasa, domin komai aka ajiye zai hau. Wasu majalisu sun yarda, suna cewa wanda ya iya riƙe ta har ƙarshe ya cancanci ci. Wasu sun ce a'a, 20 tana neman hoto ne, wanda hannunsa ya ƙare kuwa me zai nema? Don haka sai ya je kasuwa ya ɗauki ɗaya, wasa ya ci gaba.

A nan kuma ina tare da masu yarda, saboda riƙe 20 ba kyauta ba ne. Idan kasuwa ta ƙare ba wanda ya ci, ko aka zo ƙirga abin da ya rage a hannun waɗanda aka kayar, 20 ita ce kati mafi nauyi, maki 20 cif. Tauraro ana ninka lambarsa, amma ko tauraro 8 a 16 ya tsaya. Wanda ya ɓoye 20 biyu yana jiran lokaci, aka riga shi rufewa, ya kwashi 40 a kansa. A wasan da ake fitar da mai maki mafi yawa, wannan ya isa ya mayar da gwani ɗan kallo.

Akwai ƙananan tambayoyi da ba su cika kai wa ga ɗaga murya ba. In katin farko da aka buɗe 20 ne, wa zai nemi hoto, mai rabo ko na farkon wasa, ko a mayar da ita ciki a buɗe wani? Za ka iya neman hoton da ba ka da shi, don kawai ka san abokin karawarka ma ba shi da shi? In an nemi kafet da 20, za ka iya ɗora taka 20 ka canza? Wannan ta ƙarshe kusan kowa ya amince da ita.

Me ya sa kowace majalisa da dokarta

Whot ba a nan aka haife shi ba. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a Ingila, aka yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A can wasan ya ja baya, a Najeriya kuwa ya samu gida. Hukunce-hukuncen da suka ba shi zafi, irin su ɗauki biyu da "janar maket", a hannun 'yan wasan ƙasar nan suka kafu, kuma da baki suka yaɗu, ba da takarda ba.

Dokar da ta yaɗu da baki kuwa dole ta canza a hanya. Ƙasar Gumel wuri ne na shige da fice. Matashi daga Danzomo ko Jeke zai yi rani a Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya dawo da dokar tashar da ya zauna. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel zai zo da ta ɗakin kwanan ɗalibai. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari na haɗa fatake da direbobi daga kudu da baƙi daga Jamhuriyar Nijar, inda matasan fada suka fi sabawa da kartar Faransa da wasan belot. In waɗannan suka haɗu a tabarma ɗaya, kowa gaskiya yake faɗa in ya ce haka ake yi a wurinsu.

An zaci wayar hannu za ta raba gardamar. Yanzu akwai manhajojin Whot da yawa, kuma manhaja ba ta jin magiya: katin da ba ta yarda da shi ba, ba zai sauka ba. Wasu samari har sukan ciro waya su nuna a matsayin hujja. Matsalar ita ce manhajojin ma ba bakinsu ɗaya ba, wasu kuma suna barin ɗan wasa ya kunna ko ya kashe doka kafin a fara. Sai hujjar ta zama ta wanda ya riga buɗe tasa.

Ba mu kaɗai ba ne

UNO, wasan da wani mai aski, Merle Robbins, ya ƙirƙiro a jihar Ohio ta Amurka a 1971, ɗan'uwan Whot ne a tsari. A watan Mayun 2019 masu wasan suka sanar a shafinsu na Twitter cewa ba a ɗora katin ɗauki biyu a kan na ɗauki huɗu don tura wa na gaba. Jama'a suka yi musu ca, da dama suka ce za su ci gaba da yadda suka saba. Kamfanin da ya mallaki wasa ke nan, ga doka a rubuce, amma bai iya tanƙwara 'yan wasa ba.

Inda doka ke aiki shi ne inda ake gasa da alƙalai. A wasan Magic: The Gathering, wanda ya fito a 1993, akwai katin da ake kira Black Lotus, mai ba ɗan wasa damar yin abin da ya kamata ya jira zagaye da yawa kafin ya yi. Ƙarfinsa ya yi yawa har aka haramta shi a kusan duk nau'o'in gasa, inda aka bari kuma guda ɗaya tak aka yarda mutum ya riƙe. Ƙarancinsa ya sa masu tara kati ke sayensa da kuɗi masu kauri, har an ruwaito an sayar da guda a kan dala miliyan 3 a 2024.

Tamu 20 ba ta da wannan daraja. Kwalin gaba ɗaya bai kai kuɗin buhun taki ba, balle kati ɗaya.

Inda wasa ke daina zama wasa

Duk wannan gardama, in babu kuɗi a ƙasa, da dariya take ƙarewa. Wanda aka kayar ya sha tsiya, ko ya sayi shayi, gobe a dawo. Da zarar an ce kowa ya ajiye wani abu, tambayar ko 20 na tarewa ta tashi daga ra'ayi ta koma tambayar wa zai tafi da kuɗin wani. Wanda ya yarda da doka a zagayen farko zai musanta ta a na biyar. Abin da aka zuba kuma sau da yawa daga kuɗin riɗi ne ko na wake, wanda ya kamata ya kai gida zuwa damina.

A nan ne kuma maganar ta fita daga hannun 'yan wasa. Malamai ba su yi saɓani a kan haramcin caca ba, an ambace ta a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida. Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma Hisba a jihar ta sha sanar da kama masu caca tare da ƙwace karta. Game da wasan da babu kuɗi, akwai malaman da ke hanawa gaba ɗaya, akwai masu sassautawa da sharaɗin kada ya sa a bar sallah ko aiki, kada kuma ya jawo zagi da gaba. Rantsuwar da ake zubawa a kan lamba 20 kaɗai ta isa ta karya sharaɗi na ƙarshe.

Dattijon da ke wucewa ba ya bambance mai wasan nishaɗi da ɗan caca. Tabarma ɗaya yake gani da karta, da hayaniya. Don haka majalisar da ke son a bar ta ta zauna lafiya a unguwa, tana da dalilin da zai sa ta kashe gardamar tun kafin ta tashi.

Masu dabara sukan yi haka da tambayoyi uku kafin mai rabo ya taɓa karta: 20 na tarewa ko ba ta tarewa, ana rufewa da ita ko ba a rufewa, ana tura hukunci gaba ko ba a turawa. Baƙo ya bi dokar masu tabarma. Abin ba ya cin minti ɗaya.

Wasu kuma sun zaɓi gajeriyar hanya: su zare 20 ɗin duka biyar su mayar cikin kwali, a yi wasa da kati 49. Wasan yakan ƙara tsawo, zuwa kasuwa ya yawaita, sau da yawa sai an kai ga ƙirga, tauraro 8 ya zama katin da kowa ke gudun a kama shi da shi. Gardamar kuma sai ta koma kan lamba 14: bayan kowa ya je kasuwa, wanda ya sake ta zai ci gaba da kowane kati ne, ko dole sai mai irin hotonta?