Ko Ka Sani? Ƙwaron da Ke Tafasa Ruwa a Cikinsa

A cikin dangin buzuzu akwai wasu ƙwari da ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da masu igwa, domin idan maƙiyi ya kama ɗayansu sai ya harbo masa wani ruwa mai wari daga ƙarshen cikinsa, wanda zafinsa ke kaiwa digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, wato daidai da ruwan da ke tafasa a tukunya. Nau'o'insu sun haura 500, kuma Afirka na da rabonta a cikinsu.

Sirrin wannan makami shi ne gamuwar sinadarai, wato yanayin da abubuwa ke haɗuwa su rikiɗe su zama wasu sababbi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Ƙwaron yana da rumbu biyu a cikinsa, kowanne ɗauke da haidirokwinon da kuma haidirojin farokisaid, ruwan nan da ake wanke rauni da shi, sai dai na kantin magani yawanci kashi 3 cikin ɗari ne, alhali na ƙwaron ya kai kusan kashi 25. Sinadaran biyu suna zaune lafiya da juna har sai an tura su wani ƙaramin ɗaki mai kaurin bango, inda suke tarar da 'yan zuga, wato sinadaran da ke hanzarta gamuwa ba tare da su kansu sun ƙare ba. Ɗaya daga cikinsu, katalas, akwai shi a jinin ɗan Adam, shi ya sa ruwan wanke rauni ke kumfa da zarar ya taɓa jini. A cikin ɗakin ƙwaron kuwa, nan take sai iskar oksijin ta ɓalle, zafi ya tashi, haidirokwinon ya koma benzokwinon mai raɗaɗi a ido da baki.

Babban abin al'ajabi shi ne yadda ƙwaron ke tsira daga wutar da ya hura da kansa. A 1990 Thomas Eisner na Jami'ar Cornell a Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa wani nau'i daga Kenya ba ya zubo ruwan a tashi ɗaya, ɗigo-ɗigo yake harba shi, kimanin sau 500 a cikin daƙiƙa guda. A 2015 kuma masu bincike na cibiyar MIT suka leƙa cikin rayayyen ƙwaro da hoton ƙashi mai tsananin sauri, suka ga cewa fashewar ce da kanta ke kumbura wata siririyar fata ta toshe ƙofar rumbu, sa'an nan idan ruwan ya fita matsi ya sauka, sai ƙofar ta sake buɗewa wani ɗigo ya shigo. Ke nan kowace fashewa ita ce ke rufe ƙofa a bayanta, don haka bango ke samun sararin hucewa, sinadari kuma ba ya ƙarewa a banza.

Ko haɗiye shi ba ya kawo ƙarshen faɗan. A wani bincike da Shinji Sugiura da Takuya Sato na Jami'ar Kobe a Japan suka wallafa a 2018, kwaɗi 37 sun haɗiye irin waɗannan ƙwari, aka ji ƙarar harbi daga cikin tumbinsu, daga bisani 16 suka amayar da abin da suka ci. Akwai ƙwaron da ya shafe minti 107 a cikin tumbin kwaɗo, kuma da aka amayo shi, da ransa ya fito.